Karen da Na Ɗaure Bayan Garken Raguna

Maamobi, Accra

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka, da matarka Rabi, da jikata Ummi. Allah ya sa ku shiga sabon gidanku da ƙafar dama, ya kai motar kayanku lafiya, ya tsare ku daga sharrin mutum da aljan da duk abin da ke ja da ciki a wannan jejin na bayan unguwar Madina.

Za ka ce me ya sami tsohon nan, muna gida ɗaya har jibi amma sai ya rubuta takarda? Bakina ne ba zai iya ba. Jiya da muna cin tuwo ka ce abokinka ɗan sanda zai ba ka babban kare, irin na Turawan nan da suke kira alsashan, don ya tsare muku gida tunda babu maƙwabta. Ka ga na tsame hannu daga kwano, na daka maka tsawa gaban matarka, na fita. Ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa ka sani, tsorona da faɗa yake fita. Ummi nake ji wa, yarinyar da ko tafiya ba ta nuna ba, duk abin da ta gani sai ta kai masa hannu. Zauna ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka yanke abin da za ka yi.

Kana tuna karenmu Su-gani, ko da kaɗan-kaɗan, kana yaro lokacin. Ga yadda ya shigo gidanmu.

A shekarun nan ina kiwon ragunan layya a bayan gida, ban da aikina na fawa. Ɓarayi suka matsa mini, yau a ɗauke ɗaya, wani makon a ɗauke wani. Na je wurin Malam Idi, Allah ya jiƙansa, shi ne mai gidan da muke haya, shi ne kuma limamin masallacinmu. Ya ce addini bai hana kare don tsaron dabba ba, amma in tuna gidan nan cike yake da 'yan haya da yaransu. Ya ce, "Garba, nemi ɗan ƙaramin karen gida, irin jajayen nan masu siririn baki. Aikin kare haushi ne, sauran aikin naka ne." Har an yi mini tayin wani ɗan kwikwiyo a Nima, kyauta.

Sai ga wani Balarabe ɗan Labanan da nake kai wa nama a unguwar masu kuɗi zai bar ƙasa, lokacin da sojoji suka sa 'yan kasuwa gaba. Yana da wani baƙin kare, tsayinsa ya kai ƙuguna, in ya yi haushi har cikin ƙirjinka kake ji. Ya ce in ina so in ɗauka, ni ga mahauci, nama ba zai yi mini wuya ba. Wallahi Haruna, a ranar ko raguna ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne fuskokin mahautan da suka raina ni, da yadda za su yi in suka gan ni da karen da ko Alhazan Sabon Zongo ba su da irinsa. Na ɗauko shi a bayan mota, na raɗa masa Su-gani, don habaici.

Innarka ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wannan kare ne ko kura?"

Na ce mata ta koma kan tukunyarta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, daga cikinsa sauran suka fito. Ban dubi faɗin tsakar gidanmu ba, ban dubi tukunyata ba, ban dubi yaran da ke rarrafe ba. Idon mutane na duba. To kai ma tambayi kanka tsakaninka da Allah: tsaro kake so, ko so kake a ce gidan Haruna ne mai karen nan? Ɓarawon siminti ba soja ba ne, ko ɗan kwikwiyo ya yi masa haushi zai ari ta kare. Dabbar da aka zaɓa don a burge mutane, mutanen za su kalla su wuce, kai za a bari da ita.

Na biyu ya fi muni. A gidan Balaraben nan karen yana da fili mai ciyawa, ana yi masa wanka, ana fita da shi yawo, yaran gidan suna hawan bayansa. A wurina me ya samu? Sarƙa da wani lungu bayan garken raguna, ƙarƙashin tsohon kwano mai zafi kamar tanda. Ban taɓa shafa kansa ba ko sau ɗaya. Ni mai sahun farko, ina zan bari yawun kare ya taɓa rigar sallata? Da sanda nake tura masa kwanon abinci. In ya miƙo hanci yana neman hannuna, sai in ja da baya in ce, "Kai, tafi can!" Na hana kowa a gidan ya matsa kusa da shi. Wani abokin aikina a kwata ya ce in riƙa barbaɗa masa barkono a ɗanyen nama don ya ƙara zafi, ni kuma da wautata na yi.

Kafin a je ko'ina karen da ya zo yana kaɗa wutsiya ya koma wani abu dabam. Ba ya bambanta ɓarawo da mai tallan koko. Matan gidan suka daina shanya a baya. Wata rana ya fizgo sarƙa ya yaga zanin wata Bazabarma 'yar haya, Allah ya kiyaye bai kai ga nama ba. Malam Idi ya kira ni gaban dattawan gidan ya ce, "Garba, ba na son doguwar magana. Ran da karen nan ya fitar da jinin wani a gidana, ranar za ka kwashe kayanka." Na ce na ji. A raina na ce hassada ce.

Abin haushin, daga baya na tambayi malamai, suka ce ai ba haka abin yake ba. In yawunsa ya taɓa ka, wanke ka yi sallarka. In ya sa baki a ƙwarya, akwai yadda ake wanke ta. Ni na ɗora wa kaina tsoron da addini bai ɗora mini ba, na kuma manta da wanda ya ɗora, wato haƙƙin dabbar da na ɗaure. Saboda haka ka ji ni da kyau: in ba za ka iya taɓa kare ba, kada ka ajiye shi. In Rabi ba za ta iya miƙa masa abinci da hannunta ba, kada ka ajiye shi. Na kuwa san Rabi, ko kyanwa ta gifta sai ta yi salati. Kai kuma tun sallar asuba kana cikin motar trotro zuwa shagonka na Circle, sai bayan isha'i ka dawo. Wa zai yi masa wanka? Wa zai fita da shi? Kana can kana sayar da kayan mota, ka bar mace mai tsoro da jaririya da dabbar da ba ta san su ba. Karen da bai san mutanen gidansa ba, su ne na farko da zai kama, don su ne kusa.

Sai shekarar yunwa ta zo, wadda aka koro mutanenmu daga Legas suka cika unguwa. Kai ba ka ga mafi muninta ba, don mun tura ka Kumasi wurin kawunka, baki ɗaya ya ragu. Shanu suka daina zuwa daga arewa. Ni mahauci sai in wuni a kwata ban riƙe wuƙa ba. Ƙashi da fata da tumbin da da nake zuba wa kare, yanzu mata ke layi suna roƙo don miya. Ragunan duk na sayar, garke ya zama kango, amma karen yana nan, cikinsa kuwa bai san an yi fari ba. Abin da yake ci a rana zai ishi ƙannenka biyu.

Innarka ta ce in ba da shi ga wanda zai iya. Wa zai karɓa a wannan shekara? Kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Sai na fito da wata dabara da na ɗauka wayo ce: in an idar da sallar asuba, kafin mutane su fito, in kwance shi ya gangara bola ta bakin babbar kwatar ruwa ta Nima ya nemi abinci, in ya dawo in ɗaure. A can yake haɗuwa da karnukan da ba su da mai su, yana dawowa da tabon cizo a wuya da kunne.

Ran da Balaraben ya ba ni shi, ya ce mini kowace shekara in kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar hauka. Na yi dariya a hanya, na ce su Larabawa kuɗi ne ya yi musu yawa, kare ma sai an kai shi asibiti. Ban taɓa kai shi ba.

To ga shawarata a nan. Kada ka auna kare da aljihunka na yau, auna shi da ranar da kasuwa za ta mutu, don za ta mutu wata rana, haka kasuwa take. Ɗan karen gida zai rayu da ƙanzon tuwo da ragowar miya, ya saba da zafinmu da ƙudanmu. Waɗannan manyan sai nama, sai magani, sai inuwa. Allura kuwa, ko ɗan mitsitsi ka ajiye, ka kai shi kafin ka saya wa kanka takalmin salla.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Allah ka ba ni ikon rubutawa.

Ƙaninka Isiyaku. An gaya maka sanƙarau ne ya kashe shi. Ni na ce a gaya maka haka, ni na ce a gaya wa kowa haka. Ba sanƙarau ba ne.

A duk gidan, shi kaɗai ne ba ya tsoron Su-gani. Shekararsa biyar. Na sha dukansa a kan haka, amma da na ba da baya sai ya lallaɓa ya jefa masa guntun ƙosansa, a shekarar da ƙosai ya fi zinariya. Ya kan ce, "Baba, ai shi ma yunwa yake ji." Kwanaki kafin abin, karen ya canza. Ya daina cin abinci, yawu na dalala, yana gwaguyar katakon garke. Na gani da idona, na ce zafi ne. Wata rana da hantsi matan gidan sun tafi layin pampo, sai na ji ihun yaron. Na tarar da shi riƙe da hannunsa, jini na bin yatsunsa. Ciwon bai kai ya kawo ba, haƙori biyu ne a gefen tafin hannu.

Ka san abin da ya fara zuwa raina? Kaico. Maganar Malam Idi ce ta fara zuwa, kafin yaron. Na ce yau in aka ji, ina zan kai mace da yara a wannan yunwa, ɗakuna duk 'yan Legas sun cika su? Da wane ido zan dubi mahautan da na yi wa habaici? Na ɗauki taɓarya na gama da karen a lungunsa, na cusa shi a buhu. Kafin nan na yanki gashin wutsiyarsa, don mun taso muna ji ana cewa gashin karen da ya ciji mutum shi ne maganin cizon. Na ƙona gashin, na kwaɓa da man kaɗe, na shafa wa yaron, na ɗaure da tsumma. Na ce masa, "In aka tambaye ka, kwano ne ya yanke ka. Ka ji ko?" Ya ɗaga kai yana shessheƙa.

Innarka ta dawo da bokiti a ka. Na ja ta ɗaki na gaya mata. Ta ce, "Malam, don Allah don Annabi mu kai shi asibiti yanzu."

Na ce, "Kai shi a wanke, ban hana ba. Amma kika ambaci kare, a bakin aurenki."

Haka na ce mata, matar da ba ta taɓa saɓa mini ba.

Ta kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Maame, wannan kamar haƙori ne." Innarka ta ce kwano ne. Matar ta sake tambaya, ta juya ta tambayi yaron da kansa. Ya dubi uwarsa ya ce, "Kwano ne." Yaro mai biyayya, abin da ubansa ya koya masa ya faɗa. Aka wanke, aka yi masa allurar tsatsa, suka dawo. Ciwon ya warke sumul. Na gaya wa 'yan gidan na mayar da karen ga wani mai gona, har Malam Idi ya sa mini albarka. Na yi ta murna a raina cewa na tsallake.

Bayan wasu makonni ya fara zazzaɓi, yana cewa hannun na yi masa ƙaiƙayi a wurin tabon. Muka ba shi maganin zazzaɓi. Sai ya daina barci, ƙaramin motsi ya firgita shi, ko iskar mafici ba ya so. Da rana tsaka ya ce, "Inna, ruwa." Ta ɗebo a moɗa. Yana ganin ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ƙwalla ƙara ya ture moɗar, ya koma lungu yana karkarwa. Da ta kawar sai ya sake cewa, "Inna, ruwa." Haka muka wuni. Na karɓo rubutu wurin malamai, to ta ina zai sha?

A babban asibiti likitan bai daɗe yana dubawa ba. Ya sa aka fitar da innarka, ya dube ni ya ce, "Papa, yaushe kare ya cije shi?" Bai ce ko ya cije shi ba. Na faɗa masa gaskiya, ranar da gaskiyar ba ta da sauran amfani. Ya cire tabarau ya ce da a ranar aka faɗa, akwai allurai, da yaron yana makaranta yanzu. Na ce a yi masa yanzu, ko nawa ne. Ya girgiza kai ya ce in ciwon ya riga ya bayyana, babu likitan da ke da maganinsa a duniya.

Sun ɗaure masa hannuwa a jikin gado don kada ya ji wa kansa ciwo. Tsakanin tashin ciwon hankalinsa yana dawowa sarai, ya gane mu. A irin wannan lokacin ne ya kira ni, na sunkuya, ya ce a hankali, "Baba, ban faɗa wa kowa ba." Washegari da la'asar ya cika, leɓensa a tsattsage don ƙishirwa.

Na san mutuwa da lokacinta take zuwa, ban musa ba. Amma kada wani ya lallashe ni da wannan, don Allah ya ba ni baki a ranar, na yi ƙarya da shi. Innarka ta rufa mini asiri har yau, ba ta taɓa goranta mini ba, ko da wasa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka lura ba ta shan ruwa gaban mutane? Sai ta juya baya. Tun daga lokacin ne.

Shawarar da ke nan gajera ce. In kare ya ciji wani a gidanka, ko ya karce shi, naka ne ko na maƙwabci, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a ruga asibiti a ranar, a ce kare ne, da babbar murya. Ba gashi, ba man kaɗe, ba jiran gobe. In mai gida zai kore ka, ya kora. In unguwa za ta yi maka dariya, ta yi. Ɗaki ana samun wani, kunya kuma tana wucewa.

Ban ce kada ka ajiye kare ba. Na ga wurin da ka gina, na san gidan da ba maƙwabci yana bukatar abin da zai yi haushi. Amma bari sai ka ja katanga, sai Ummi ta yi wayon da za a ce mata bari ta bari. Sa'annan ka nemi ɗan kwikwiyon gida wanda ka ga uwarsa da idonka, ka ga ba mafaɗaciya ba ce. Ka raine shi da hannunka ya san warin kowa a gidan, ka yi masa wurinsa mai inuwa nesa da ɗakin salla da randar ruwa. Kafin nan, ka samu wani dattijo mai gadi ya zauna muku, ko ka ɗauki ɗaya daga cikin 'yan'uwan Rabi. Wancan na abokinka kuwa, babba ne, an riga an koya masa kama mutane, ba kai ka raine shi ba. Ka yi masa godiya ka ce babanka ya hana. Ɗora laifin a kaina, na saba ɗauka.

Na san in ka gama karanta wannan, watakila ba za ka ƙara dubana da idon da kake dubana ba. Kai ka fi kowa son Isiyaku, har yau kana kai ziyara kabarinsa kana tsine wa sanƙarau. Na daɗe ina auna wannan. In ka daina gaishe ni, zan jure. In ka gaya wa ƙannenka, ban hana ba, sai dai kada ka ga laifin innarka, umarnina ta bi. Na gwammace in rasa girmana a wurinka da in yi shiru karo na biyu.

Haruna, ni na karɓe shi a cikin kabari, ni na kwantar da shi. Shekara da shekaru ina ɗaga nama, hannuna ya san nauyin kowace dabba ba sai an ɗora a sikeli ba. Ɗana bai kai nauyin ɗan rago ba. Ummi ba ta kai shi ba ma. Don girman Allah, kada ka sa hannun nan ya sake ɗaukar irin wannan.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya shayar da shi daga tafkin Annabi, ya yafe wa ubansa. Allah ya raya Ummi ta ga jikokinta. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya sa albarka a gidanka, ya kwana da ku ya tashi da ku lafiya. Ka gaida Rabi, ka ce mata ta yafe mini tsawar jiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba